Yadda za ki sa rai a ƙaramin sarkin mahaya dawaki cikin labarin almara

Tambaya: Wata matashiyar marubuciya daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta rubuto: "Baba, ina rubuta labarin almara a wata duniya da na ƙirƙira, ta mutanen da rayuwarsu duka a kan doki take. Tauraron labarin ƙaramin sarki ne, mahayansa ba su wuce 200 ba, kuma akwai babban sarki a samansa. Na ba shi takobin tsafi da baƙin ingarma, amma ƙawayena da suka karanta sun ce bai kama musu rai ba. Me ya rage?"

Amsa: Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Ƙawayen naki ba su ƙi ki ba, gaskiya suka faɗa miki, kuma ko ban ga rubutun ba ina jin na san inda gizo ke saƙa. Kin ba mutumin nan abin da zai yi yaƙi da shi, amma ba ki ba shi abin da zai hana shi barci ba. Mai riƙe da mahaya 200 a ƙarƙashin wani sarki kullum cikin lissafi yake: me dawakin za su ci gobe, da wace fuska wanda ya naɗa shi ya tashi yau, wa ke sha'awar shimfiɗarsa cikin waɗanda ke hawa bayansa. In mai karatu ya shiga cikin wannan lissafi tare da shi, zai damu da shi ko babu takobin tsafi.

Ki fara yanke shawara a kan irin mutanen dawakin da kike nufi, don ba iri ɗaya ba ne, kuma sarautarsu ta bambanta. Akwai irin Mongolawa, can tsakiyar Asiya, inda doki dabbar kiwo ce kamar yadda saniya take wurin Bafillace. Kowa na da nasa, mace da namiji, ana tatsar goɗiya a sha nono. Dawakin gajeru ne masu jimiri, su ke neman ciyawarsu da kansu, ko ƙanƙara ta rufe ƙasa sai su tona da kofato. Mayaƙi guda yakan fita da dawaki uku ko fiye yana sauyawa. A irin wannan ƙasa sarki ba ya mallakar mutane da kyautar doki, tunda kowa na da garkensa. Abin da ke riƙe su gare shi shi ne makiyaya da mashaya, da yardar da suka yi cewa bin sa akwai riba. Ran da yardar ta ƙare, sai su naɗe tantunansu da asuba su bi wani. Mahaifin Temujin, wanda duniya ta sani da Cengis Han, ƙaramin shugaba ne irin wanda kike son rubutawa. Tatarawa suka ba shi guba ya mutu lokacin da ɗan yake wajen shekara tara, kuma ba a jima ba mabiyansa suka tashi suka bar matarsa da 'ya'yanta a daji suna cin saiwa da kifi. Wannan yaron ne aka naɗa sarkin Mongolawa duka a 1206.

Sai kuma irin namu na ƙasar Hausa da Barno, inda doki ɗaure yake a turke, ana kai masa ci da sha har inda yake, kuma talaka bai isa ya riƙe shi ba. Shawarata ki ɗauki wannan, ko ki gauraya shi da na farko da saninki. Dalili, kina zaune a garin da mahaya suka kafa, kuma abin da za ki gani da idonki ran hawan salla ya fi abin da za ki kwafo daga fina-finan Turawa, waɗanda dokinsu ba ya cin abinci, ba ya gajiya, ba ya ciwon ciki.

To mu yi lissafin barga. Doki mai aiki a zafin nan namu yakan sha lita 30 ko fiye a yini. Dawaki 200 ke nan lita 6,000, wato jarka 240 mai cin lita 25, kullum ta Allah, kuma a duniyarki babu famfo, da guga za a jawo. Ki sa kowane doki tiya ɗaya ta dawa ko hatsi a yini, ban da harawa da ciyawa da dusa da kanwa: tiya 200 ke nan, buhu biyar a yini, buhu 150 a wata. Wa ya noma? Wa ya sussuka? Wa ke yankan ciyawa, wa ke kwashe kashi, wa ke kunna hayaƙi da dare saboda ƙuda da sauro? Bayan kowane barde akwai mutum biyu ko uku da ba za su taɓa hawa dokin ba. Saboda haka ƙaramin sarkinki ba sarkin mutum 200 ba ne, sarkin ƙauyuka ne da rumbunansu, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ko fara ta sauka, sai ya zaɓa tsakanin cikin talakawansa da cikin dawakinsa. Ki sa shi gaban wannan zaɓi tun babi na biyu ko na uku. Duk abin da ya zaɓa, akwai wanda ba zai yafe masa ba, kuma kin sami abokin gaba daga cikin gida ba tare da kin ƙirƙiro dodo ba.

Doki kuma ba ya maye gurbin kansa da sauri. Goɗiya takan yi wata goma sha ɗaya da ciki ta haifi ɗa guda, sannan duƙushin sai ya kai shekara uku zuwa huɗu kafin ya ɗauki barde da kayansa. Sarkin da ya rasa dawaki 60 a hari ɗaya, ko ya ci garin da ya je ci, ya dawo da asarar da zai yi shekaru yana biya. Wannan shi ya sa ƙananan sarakuna na gaskiya suka fi son samame da kwanton ɓauna a kan gaba da gaba, kuma ba tsoro ba ne. Ga cuta. Kudu da mu, inda tsando yake, sammore na karkashe dawaki, shi ya sa masarautar Oyo ta Yarbawa, duk da ƙarfin mahayanta, daga arewa take sayen dawaki tana sake saye. Ki zana wa duniyarki irin wannan iyaka, wani kurmi ko wani kwari da doki ba ya shiga ya fito lafiya. Mutanen da ke zaune can ba su tsoron sarkinki, kuma yana sane.

Lokacin yaƙi ma ba ran da marubuci ya ga dama ba ne. A ƙasarmu da kaka ta wuce aka tara amfanin gona sannan ake ɗaura sirdi, don da damina gulbi ya kawo, ƙasa ta yi laka, dakaru suna gona. In rani ya yi nisa kuma rijiyoyi sun ja baya, ciyawa ta ƙare. Tsakanin nan ne kawai ƙofar take buɗe. Tafiya ma ki auna ta: doki da mahayi sukan yi kilomita 30 zuwa 50 a yini in tafiyar ta kwanaki ce, sukuwa kuwa ta 'yan mintoci ce. Daga nan zuwa Katsina kusan kilomita 90 ne, ki ga ke nan rundunar da ta tashi da hantsi ba za ta yi la'asar a bakin ganuwa ba.

Yanzu ga wanda ke samansa. Nan ne tarihin garinmu zai yi miki aiki fiye da kowane littafin waje. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka watsu arewa, har Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819. Ba su ɗauki kansu sarakunan Maraɗi ba, Sarkin Katsina ake ce musu, har yau kuwa sunan bai faɗi ba. Ki dubi abin da ke cikin wannan: mutum na zaune cikin kwarin gulbi mai duhun itatuwa, wanda mahayan abokan gaba ba su jin daɗin shiga, yana ɗauke da sunan birnin da ba ya hannunsa. Duk wanda aka naɗa ya gaji alkawarin komawa. A 1836 Sarki Rauda na Maraɗi ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da wasu Buzaye suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka kashe Rauda da Ali duka a wannan yaƙi. Bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta a Maraɗi shekara ashirin da wani abu har zuwa 1875, ya yi ta kai hari ƙasar Katsina, amma birnin bai dawo ba.

To ki tambayi kanki, a irin wannan zamani yaya rayuwar mai riƙe da ƙaramin gari a bakin iyaka take? Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina, ya tarar da Gazawa a kewaye da shinge mai ƙarfi, dajin da ke tsakaninta da Katsina kuwa ayari ba ya ratsa shi sai da fargaba. Sarkin irin wannan gari, in babban sarki ya kira yaƙi dole ya kawo mahayansa, ya bar garinsa ba mai tsaro. In aka ci nasara, kirarin na babba ne. In aka sha kashi, garinsa ne na farko da masu ramuwa za su taka. Yana kai gaisuwa sama, wani lokaci kuma yana aika goro a ɓoye ga abokan gaba don su bi ta wata hanya. Kada ki rubuta wannan a matsayin cin amana tsagwaronta. Ki bar mai karatu ya ji dalilinsa, ya rasa ko ya zage shi ko ya tausaya masa.

Akwai kuma abin da ya fi rashin ƙarfi ciwo, wato alamun sarauta da aka hana shi. Tambari da kakaki na manyan sarakuna ne. Ƙarami yana da makaɗansa da maroƙansa, amma akwai kiɗan da in aka yi a ƙofar gidansa an yi tawaye ke nan, ko kibiya ɗaya ba a harba ba. Ki ƙirƙiro wa duniyarki irin wannan: wani launin doki da babban sarki kaɗai ke hawa, ko wata jalala, ko wani ƙaho. Sannan ki sa a haifi duƙushi mai wannan launi a bargar ƙaramin sarkinki. Ya kai shi fada, ya ɓoye shi, ko ya yanka shi? Kin ga babi uku sun fito daga goɗiya ɗaya.

Na ƙasa da shi ma ba bayin umarni ba ne. A Maraɗi sarki bai taɓa zama shi kaɗai ba, akwai Rukuni huɗu, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, a wancan zamani su ke zaɓen sarki, kuma Ƙaura ke jan rundunar yaƙi. A ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da sai wanda ya so ke zama a gadon sarauta, har Sarki Mijinyawa ya bar gari ya koma Tasawa. Wanda mahaya ke bi da zuciyarsu shi ne mai gari, ko rawanin na kan wani. Ki ba sarkinki madawaki ko shamaki, wato mai kula da barga, wanda ya fi shi iya hawa, wanda samari suka fi so, kuma wanda bai taɓa yi masa laifin da za a kama ba. Wannan ya fi mugun waziri mai jajayen idanu da aka saba gani ban tsoro nesa ba kusa ba.

Da me yake riƙe su? Da kyauta. Barde ya yi bajinta, sai doki da riga. Dokinsa ya mutu a fagen fama, sarki ne zai sake masa. Sarkin da hannunsa ya bushe, bargarsa za ta bushe. Rabon ganima kuwa nan ne zumunci ke tsinkewa. A fiƙihun Malikiyya ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sannan mahayi ya sami kashi uku, ɗaya nasa biyu na dokinsa, mai tafiya a ƙasa kashi ɗaya. Ke ba dole ki bi wannan ba, amma ki kafa wa mutanenki tasu ƙa'ida, ki bayyana ta da wuri, don ran da sarki ya karya ta saboda ɗan ƙanwarsa mai karatu ya gane girman abin da ya faru.

Wani abu da ba na so ki tsallake: ganimar nan ba shanu da tufafi kaɗai ba ce, mutane ne. Hare-haren wancan zamani, daga kowane ɓangare, bayi suke kamowa, kuma da bayi ake sayen dawakin ƙwarai. Matafiyin nan da ake kira Leo Africanus ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa a Barno ana ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Almara ce kike rubutawa, kina da ikon ki yi duniyar da babu bauta, amma sai ki faɗa mana da me ake biyan dawakin. In kuwa akwai ta, kada ki wanke jarumin ki bar masa farar riga kawai. Ki sa mai yi wa ingarmansa hidima ya zama yaron da aka kamo a garin da shi da kansa ya ƙona, ya zama kuma dokin ba ya yarda da hannun kowa sai nasa.

Kayan hawa ki kira su da sunansu, amma kada ki zuba su jere kamar mai kasa kaya a kasuwa. Sirdi, linzami, likkafa, ƙaimi, ragama, dabaibayi, kowanne ya fito lokacin da hannu ya taɓa shi. 'Yan lifidi su ne masu rigar auduga mai kauri, su da dawakinsu, kibiya ba ta cika huda ta ba, amma nauyi da zafi ba su barin su su yi nisa, kuma wuta ce maganinta. Sulke tsada gare shi, mai mahaya 200 in yana da 'yan kaɗan ya gode Allah, kuma wanda aka ba ya sa an san matsayinsa. Mafi yawan rundunar ma a ƙasa take, 'yan baka da masu mashi da garkuwa, kuma kibiya mai dafi ba ta tambayar asalin doki. Launi ma ki bar "baƙin ingarma" ki ce akawal, ki sa kili da hurde da gunya da bidi a barga. Sauran sunayen ki je wurin masu dawakin sukuwa ko wani tsohon ɗan barga ki zauna, ki kai goro, ki yi shiru ki saurara. Za ki ji yadda suke gane ciwon ciki tun doki na tonon ƙasa yana waiwayen cikinsa, kuma za su gaya miki doki ba ya amai, shi ya sa cin da ya wuce kima ke iya kashe shi.

Batun tsafi, ra'ayina takobin nan ya yi arha. Kowane labari na da shi. Mu da muka tashi muna jin labarin layu da guru da maganin ƙarfe da layar zana mun san cewa a bakin masu ba da labari kowane asiri na da sharaɗi: kada a ci kaza kaza, kada a tsallake abu kaza, kada wance ta gani. Sharaɗin ne ke jan labari, don mai karatu na jiran ran da za a karya shi. Kuma ga abin da ke gabanki ba ki ɗauka ba. A bori, wanda Maraɗi ta yi suna da shi, iska hawa take yi, wanda ta hau kuwa shi ne dokinta ko goɗiyarta. A duniyar da darajar mutum ita ce ya hau, ki yi tunanin sarkin da da rana shi ke riƙe da linzami, da dare kuma wani abu ke hawansa, kuma nasarorinsa duka daga wannan abin suke. Mahayansa in sun sani za su ci gaba da bin sa? Ba ina ce ki kwafo bori yadda yake ba, ko ki sa sunayen iskokin da aka sani. Ki ɗauki tsarin ki gina naki.

Wannan ya kawo ni ga mata, don na lura ba ki ambaci ko ɗaya ba a tambayarki. A fadar Maraɗi akwai Iya, a ta Gobir akwai Inna, 'yan gidan sarauta ne masu naɗi da fada da mabiya, kuma harkar bori a hannunsu take. Irin wannan mace tana iya sanin sirrin sarki tun kafin ya sani. Ga kuma aure: ƙaramin sarki da ɗiyarsa yake sayen zaman lafiya, matar da babban sarki ya ba shi kuwa ba ya iya sakinta, ba ya kuma iya sakin baki a gabanta.

Abin da zan so ki gwada a wannan mako shi ne ki ajiye babin yaƙin da na tabbata da shi kika buɗe, ki rubuta shafi huɗu na wata safiya ta ƙarshen rani. Manzon babban sarki ya iso yana neman mahaya 150 cikin kwana bakwai. Shamaki ya riga ya gaya wa sarki a kunne cewa waɗanda za su iya tafiyar ba su kai 90 ba, saura sun rame. Madawaki na zaune a gefe yana murmushi, don shi ya san adadin, kuma ya san manzon ɗan uwan matarsa ne. Ki rubuta abin da sarki zai ce wa manzon, da abin da zai sa a yanka masa, da dokin da zai ba shi ya koma da shi. In kin gama ki ba ƙawayen nan naki su karanta, sannan ki aiko mini in gani.